Kujerar Bayan Motar Arzika

Duk wanda ya san Arzika a Goronyo ya san ba ya shiga ɗaki ya zauna sai ya auna shi da ido. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmi, kafin ya amsa gaisuwa sai ka ga ya ɗaga kai yana duban rufi, ya dubi wannan kusurwa ya dubi waccan, leɓɓansa na motsi. Baƙo sai ya ɗauka tasbihi yake. Ina! Lissafi yake na buhunan albasar da ɗakin zai ci. Ranar da aka gama ginin masallacin unguwarmu kowa na yi wa Liman barka, shi kuwa ya matsa kusa ya ce, "Allah gahwarta Malam, tsakanin asuba da azahar ai ba kowa ciki hwa." Liman ya ɗaga sanda, Arzika ya fita da takalmi a hannu.

Ni Kulu taubashiyarsa ce. Babana da uwarsa, Gwaggo Hajo, ciki ɗaya suka fito. Daga Kwargaba aka kawo ni aure Goronyo, ƙofar gidanmu na kallon tasu, don haka ba abin da ya yi da ya wuce ni, kuma ba wanda na bari ban goranta masa ba. Na yi masa dariya yana raye, ba yau da ya kwanta dama zan fasa ba. Sai dai akwai inda dariyar ke tsaya mini a wuya, domin saboda halin nan nasa Gwaggo ba ta sake ganin ɗan'uwanta ba.

A zamanin Turawa ne, shekarun da aka fara raɗe-raɗin za su tafi. Wani Bature mai sayen fatu a Wurno zai koma ƙasarsu, Arzika ya saye tsohuwar motarsa, baƙa, irin wadda sai an wana ta da ƙarfe ta gaba kafin ta tashi. Ranar da ya shigo da ita gari har masu daka suka ajiye taɓarya. Kujeru biyu ƙanana a gaba, a baya kuma wata doguwa ta jar fata, mai laushi, tana sheƙi. Mutane na shafa ta suna salati. Arzika ya daɗe yana kallonta, leɓɓan nan na motsi.

"Wagga aba mi takai nan?" in ji shi.

Aka ce, "Zama akai bisa, Arzika."

"Zama! Mutum shina da ƙahwa. Albasa ta ba ta da."

Kafin la'asar ya kira Jabbi maƙeri a cire kujerar. Ba su da sifanar da za ta kama ƙusoshin, sai Jabbi ya ɗauko guduma da kurfi, ya tsaya ya ce, "Ka ji ni da kyau. In nis sare su, kujerag ga ba ta komawa yadda take." Arzika ya ce wa ya ce masa za ta koma? Aka sare. Na leƙo ta kan danga na ce, "Kai Arzika, wasu na sayen mota su zama manya, kai ka sayi mota ka mai da ita jaki!" Ya ce jaki bai taɓa cin amanarsa ba.

Daga nan motar ta shiga uku. Albasa har rufi, albasa a bisa rufi, shi kansa sai ya karkata wuya yake tuƙi. Fasinja kuwa bai hana shi ɗauka ba, in ka yarda ka hau buhu. Akwai wani Alhaji Dikko na Rimawa, mutum mai jiki, wanda ya biyo shi zuwa Rabah ɗaurin aure. Kujerar gaba tunkiya ke kai, don haka aka tura Alhaji baya. Rana ta buɗe, gilashin baya ba ya sauka, hanya duk ramuka, ga nauyin Alhaji yana murƙushe abin da ke ƙarƙashinsa. Suna isa Rabah aka jawo shi, ido jawur, hawaye har gemu. Mutanen gidan biki suka tsaya cirko-cirko, wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka, aka fara tambayar wa ya rasu a Rimawa. Arzika kuwa ya kwance bakin buhu ya leƙa ya ce, "Duba min ikon Allah. Shi yat take min albasa, kuma shi ka kuka!" Alhaji Dikko a kan jaki ya koma gida.

Ita kuma kujerar, sai ya sa aka kai ta ɗakin Gwaggo, wai kyauta. Ya yi ta yawo yana cewa duk ƙasar Rima ba tsohuwar da ke zama kan kujerar Bature sai tasa. Gwaggo ta rufe ta da sabon zane, ba ta bari jika ya hau.

To ga inda matsalar take. Arzika ɗan fari ne. Kun san Gwaggo da kunya irin ta mutanen da: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in ya shigo gaisuwa bango take kallo ta amsa. "Wancan" take ce masa. Ga shi tun da ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya ƙi, ba ta iya hawan jaki, balle tafiya ƙasa. Babana kuma can Kwargaba ido ya tafi, ba ya fita ko ƙofar gida. Su biyu suka rage a ɗakinsu, sun yi shekaru sai dai saƙo. Ranar da mota ta shigo gari ni na ga fuskar Gwaggo. Ta ɗauka nesa ta zo kusa.

Wata rana ina tsefe mata kai tana zaune kan kujerar, ta shafa fatar ta ce, "Kulu, wagga in tana cikin motar, mutum baya shika zama ko?"

Na ce, "Awo, Gwaggo."

"Ba kusa ga mai tuƙi ba?"

"A'a."

Ta sake shafa fatar. Can ta ce, "Halan Kwargaba da nisa ga mota?"

Ban bari ya huce ba, na tare Arzika yana loda. Na ce Gwaggo na son ganin Baba, ya mayar da kujera. Ya ce abu mai sauƙi, ta shiga gaba, zai sauke tunkiya. Da na kai mata wannan amsa sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni? Kahwaɗa da kahwaɗa da wancan, mutane na kallo? Kulu, ba ki da hankali?" Na koma na ce to ya ba wani ya tuƙa. Ya dube ni kamar na ce ya ba da aron matarsa. Na ce to kujera. Ya ce, "Bari albasa ta ƙare."

Albasa ta ƙare, shinkafa ta shigo. Shinkafa ta ƙare, ya samu dakon fatu zuwa Wurno, wanda ke bi da shi ta kusa da Kwargaba, har ya kan tsaya ya gai da Baba ya kawo wa Gwaggo goro daga gare shi. Yana ganin ya yi zumunci ke nan! Sai damina ta sauka, fadama ta cika, hanya ta mutu. Na zage shi a gaban abokansa, na zage shi a gaban matarsa, na ce ranar da ya mutu a buhu za mu sa shi. Dariya kawai yake, ya ce, "Tsohwahin ga ƙarhi gare su, Kulu, sai sun bizne mu." Ba mugunta ba ce, wallahi. Yana son uwarsa, bai taɓa cin nama bai aika mata ba. Shi dai a ganinsa mutum na iya jira, albasa ce ke ruɓewa.

Bayan ruwa ya janye ƙanena ya zo daga Kwargaba da saƙo. Baba ya kwanta, ya ce a gaya wa Hajo in tana son ta iske shi ta yi hanzari. A gaban Arzika aka faɗa. Ban taɓa ganin ya zubar da kaya ba sai ran nan: da hannunsa ya riƙa jefo buhuna ƙasa, ya shiga ɗakin Gwaggo ya ciccibo kujerar. Aka saka ta a motar, ta ƙi zama, tunda ba ƙusa. Ya ɗaure ta da igiyar rama ya ce in hau a gwada. Muka ɗan taɓa tafiya, ya taka birki, sai ga ni da kujera mun taho gaba ɗaya, goshina ya daki ƙeyarsa. Yara suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini, shi kuwa bai yi ba. Ya san ƙugun Gwaggo ba zai ɗauki wannan ba.

Aka koma wurin Jabbi. Bai ce "na gaya maka" ba, ya dai ce sai ya ƙera sabbin ƙarafa ya huda ƙasan motar, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Arzika ya tare a maƙera, shi ke zuga da kansa.

Da hantsi muka tashi ranar da aka gama. Gwaggo ta sa zanenta na saƙi, ta ƙulla daddawa da kuka a ƙyalle za ta kai wa ɗan'uwanta. Aka ɗauke ta aka zaunar a baya, ni a gefenta. Ta riƙe hannuna gam da motar ta tashi, daga baya ta saki, tana kallon itatuwa na wucewa tana cewa, "Ikon Allah, ikon Allah." Har labari ta fara ba ni na yadda Baba ya taɓa goya ta suka tsallake gulbi.

Muna shiga Kwargaba muka ci karo da maza suna dawowa daga bayan gari, da fartanya da tulu. Ba sai an gaya mana ba. Da asuba Baba ya cika.

Na yi kuka, na yi wa Arzika kallon da har yau nake jin nauyinsa. Aka sauko da Gwaggo daga mota. Ta zauna aka yi zaman makoki da ita, ta ba matan gidan daddawar. Ranar da muka kamo hanyar gida ni da Gwaggo muna baya, Arzika na tuƙi. Mun yi nisa sai ta taɓa ni, ta ce a hankali, amma yadda zai ji, "Kulu, ce ma wancan motar tana da daɗi. Ce mishi na gode, Allah Shi yi mishi albarka."

Arzika ya tsayar da mota a tsakiyar hanya. Ya fita, ya ɗaga murfin inji, ya cusa kansa ciki. Lafiyar motar ƙalau, mun sani. Muna zaune muna ganin kafaɗunsa na rawa, ba wadda ta ce ya yi sauri.

Gwaggo ba ta sake shiga motar ba, ta ce ba ta da sauran inda za ta. Shi kuwa bai sake ɗora ko ƙullin gishiri a kan kujerar ba. Sai ya koma tare tsofaffi a hanya. In ya hango tsohuwa da sanda sai ya ci birki ya ce, "Inna, shiga baya." Ko ta ce ga gidanta nan ana hange, bai yarda. Akwai wadda ya kai har Gandi alhali rijiya za ta, sai da ya dawo da ita. Mutane suka ce Arzika ya taɓu. Ni kaɗai ban tsokane shi a kan wannan ba.

Yanzu duk sun tafi, Baba da Gwaggo da shi. Ya Allah Ka jiƙan su, Ka yafe wa Arzika jinkirinsa, Ka haɗa Gwaggo da ɗan'uwanta inda ba a makara. Amin.