Taurari Sun Nufi Miga

Ranar da ba ta fita raina a aikin koyarwa wata Laraba ce, wajen 1996, ina ƙaramin malamin kimiyya a wata sakandare a Haɗeja. Shugaban sashenmu Mista Bulus ne, mutumin kudancin Kaduna.

An ba makarantar kyautar kwamfuta da faifan hotunan sararin sama. Hoton kwamfuta kuwa ƙananan gidaje ne a jere kamar na dara, kowanne da lambarsa. Manhaja biyu ce a ciki: ɗaya tana auna gidan da kowane tauraro yake, ɗayar ta nuna hoton ta kewaye wurin da ɗan zobe.

Shugaban makaranta ya ce sufetoci na tafe, in ba su ga amfanin kwamfutar ba za a kai ta Dutse. Muka zauna gwaji. Sai muka ga duk taurarin sun goce daga tsakiyar zobensu, gida ɗaya hagu, gida ɗaya ƙasa. Mista Bulus ya leƙa taga ya ce in haka ne, Miga suka nufa, garin da ke kudu maso yamma da mu. Wasa yake, amma shugaban makaranta na tsaye a bayanmu, shi kuwa bai san wasa ba.

Washegari ya sanar a taron ɗalibai cewa makarantarsa ta gano taurari na ƙaura. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Alhaji Sale, manomin shinkafa mai ɗa a ajina, ya zo har ofis yana tambaya ko damina za ta bi su, don wani ya taya fadamarsa.

Hankalinmu ya tashi. Mista Bulus ya ce mu ƙara girman hoton mu ƙirga gidajen da yatsa. Muka ɗora yatsa kan gidan farko tare. Na ce ɗaya, ya ce sifili. Muka dubi juna. Ashe manhajojin ma haka suke: wanda ya tsara ta farko daga ɗaya yake fara ƙirga, na biyun daga sifili. Muka rage ɗaya a lambobin, kowane tauraro ya koma tsakiyar zobensa.

Shugaba ya shigo ya ce, "Kun dawo da su?"

Mista Bulus ya ce, "Duk sun dawo, ranka ya daɗe, ba wanda ya ɓata."

Haka shugaba ya faɗa wa sufetoci, suka yaba da himmarmu, suka bar mana kwamfutar. Alhaji Sale ya fasa sayarwa, har ya aiko mana da bandar kifi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in lissafinku ya saɓa da na wani, ku fara tambayarsa daga ina yake fara ƙirga. Kuma kada ku yi wasa alhali shugaba na bayanku.