Abin da Ke Cikin Katin Amos

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Anti Paulina a ɗakin ajiye katin marasa lafiya na wani asibiti a cikin garin Bauchi, ban taɓa ganin ta ɓatar da kati ko ɗaya ba. Ni kuwa kada ma a tambaye ni. Gajeruwa ce, mai tabarau da ta ɗaure ƙafarsa da zare, kullum daga Inkil take zuwa da abincinta a kwano, ta ci a kusurwa ita kaɗai. Muna da wata mummunar ɗabi'a a ɗakin nan, kuma ba zan ɓoye ba: idan aiki ya lafa sai mu riƙa buɗe katin mutane muna gulma, ashe wance abin da ke damunta ke nan, ashe wane haka yake. Da mun fara sai ta juya mana baya. Matar fasto muke ce mata don tsokana, alhali ko aure ba ta taɓa yi ba.

Mun san ta yi ƙane mai suna Amos, kurma. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana ɗan shekara huɗu. Ba a kai shi makarantar kurame ba, sai su biyu suka ƙirƙiro maganar hannu tasu ta gida, wadda ko mahaifiyarsu rabinta kawai take ganewa. Ya girma ya zama tela a Kasuwar Muda Lawal, an ce idan ya kalli mutum sau ɗaya ba ya bukatar awo. Shekara shida da suka wuce ya rasu. A coci aka ce gajeruwar rashin lafiya ce, mu ma muka je Inkil muka yi gaisuwa muka dawo. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Bara da damina wani mai bincike, Dokta Abdulbaƙi, ya zo da takardar izini. So yake ya san irin damuwar ƙwaƙwalwa da kurame ke kawowa asibiti da irin kulawar da suke samu. Ya ce ba ruwansa da suna, lamba kawai zai ɗauka. Nan da nan aikin ya cije, domin a katinmu babu gurbin da ake rubuta cewa mutum ba ya ji. Dole sai an bi kati ɗaya bayan ɗaya, ko a dace wani likita ya rubuta hakan a gefe. Kowa ya noƙe, har da ni. Anti Paulina ce ta ɗauka. Wata uku tana tsugune a gindin kantoci tana tari, har ta zaƙulo kati sittin da biyu daga cikin na shekara goma.

Wata Laraba bayan azahar Dokta ya kira mu gaban kwamfutarsa, fuskarsa a sake. Ya ce ya gano wani abin mamaki. Kusan duk kuramen nan ƙorafinsu ɗaya ne: rashin barci, ciwon kai, ƙin abinci, yawan fushi. Babu ko ɗaya da ya ce yana cikin baƙin ciki, balle ya ce ya gaji da rayuwa, alhali masu ji suna yawan faɗin haka. Yana ganin wataƙila kurame a jiki suke ɗaukar damuwarsu. Ni na shiga gyaɗa kai kamar na san abin da ake ciki.

Anti Paulina ta juya. Ta koma teburinta, ta jawo aljihun, ta fito da wani kati da ta ɓoye tun makon farko, ta ajiye a gabansa. Na leƙa na ga sunan Amos.

Dokta ya karanta, ya ce ai wannan ma irinsu ne, rashin barci da ciwon kai, an ba shi maganin barci an ce ya dawo bayan wata guda.

"Ba shi ya faɗa ba, Dokta," in ji ta. "Ni na faɗa."

A tsaye ta ba mu labarin, ba ta kalli kowa ba. Ita ta kawo shi, bayan ya yi wata biyu bai buɗe shago ba. A ɗakin likita akwai ɗalibai uku, ga mahaifiyarsu zaune a gefe. Likita ya ce a tambaye shi me ke damunsa. Amos ya danna ƙirjinsa da hannu, sannan ya shimfiɗa tafinsa ya rufe da ɗayan, ya nuna kansa. A maganarsu ta gida ma'anarsa ɗaya ce: yana so a binne shi. Sau biyu ya yi. Ita kuwa ta dubi mahaifiyarta, ta dubi ɗaliban, ta tuna cewa kafin la'asar katin nan zai sauko ɗakinmu, hannunmu. Sai ta ce wa likita ba ya samun barci.

Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne Amos ya ga likita yana rubutu, ya yi murmushi, ya taɓa kafaɗarta. Ya ɗauka an ji shi. Kwana goma sha tara bayan nan ya kashe kansa.

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Tsoron bakinmu ne ya sa ta haɗiye maganar ƙanenta, kuma na san da katin ya sauko da gaskiya a ciki, da ni zan fara buɗewa.

Ta roƙi Dokta ya gyara, ya rubuta abin da Amos ya faɗa. Ya ce Madam ta yi haƙuri, ba shi da ikon taɓa abin da likita ya rubuta, kuma abin da ke kan kati shi ake ƙirgawa. Amos zai shiga a matsayin na sittin da uku, a layin marasa barci. Amma ya goge abin da ya fara rubutawa game da kurame, ya ƙara gurbi ɗaya a takardarsa: wa ya yi wa likita bayani?

Ita ta sake bin katunan duka. Na ce zan taya ta, ta ce, "Bari, Zakiyya, na san hanya." Kwana huɗu tana cikewa. Uwa. Miji. Kawu. Maƙwabci. A wani katin ma direban da ya kawo mutumin ne ya yi bayani. Gurbin da aka tanada wa mara lafiya da kansa ya tashi fayau, babu ko ɗigon tawada.

Na Amos ta bari a ƙarshe. Ina kallonta ta gyara tabarau, ta rubuta "yayarsa" da kyakkyawan rubutunta, ta busa tawadar. Dokta ya ce zai faɗa a rahotonsa cewa asibitoci na bukatar masu fassarar maganar hannu waɗanda ba dangi ba. Har yau dai ban ga an kawo ko ɗaya ba.

Mun daina buɗe katin mutane, ko in ce ni na daina. Anti Paulina tana nan, saura shekara biyu ta yi ritaya, tana cin abincinta a kusurwa. Katin Amos ya koma kantarsa, layi na huɗu daga ƙasa, kusa da taga. Duk wanda ya jawo shi, yau ko bayan shekara hamsin, zai karanta cewa wani tela ne ya zo yana kukan rashin barci.