Darmaji da Masu Suna Ɗaya

A birnin Solo, a wani ofis da ke saman shagon gyaran babura, akwai wani mutum Darmaji. Darmaji wa? Darmaji kawai. Haka iyayensa suka raɗa masa, kamar yawancin mutanen ƙauyensu, ba su ga dalilin ƙari ba.

Shekara tara ke nan yana kula da manhajar da marasa lafiya ke kama layi da ita a wani asibitin wankin ƙoda. Ba shi ya gina ta ba. Maigidansa Pak Sukirno ne ya tsara ta kamar gida, uwa ɗaya da 'ya'ya rututu. Duk buƙatar da ta shigo daga wayar mutum, ɗaya cikin 'ya'yan ke karɓa, amma halinsa na uwar ne, gado ya yi. Da Pak Sukirno ya rasu, Darmaji ya ci gaba da ƙara 'ya'ya, sai dai bai taɓa buɗe uwar ba. Nauyi yake ji. Mutumin da ko kujerar marigayin bai iya zama a kai ba, ina shi ina leƙa rubutunsa?

Ranar Litinin ya saka sabon ɗa, na masu sabunta rajista. Laraba da hantsi sai ga kiran Mbak Wening, mai tarbar marasa lafiya a asibitin. A can, Pak da Mbak da Mas da Mbah ba sunaye ba ne, kiran girmamawa ne: baba, yaya mace, yaya namiji, kaka.

"Mas, injinka ya kori Mbah Painem. Sau huɗu jikarta tana gwadawa. Gobe ne wankinta, kuma ƙarfe biyu ake rufe jerin."

"Me ya ce mata?"

"Wai sunanta bai cika ba. Shekara saba'in da takwas tana yawo da abinta, sai yau ka gano bai cika ba? Kai naka guda nawa ne, Mas?"

Bai yi dariya ba. Ya san yadda ƙafa ke kumbura, numfashi ya yi sama, in aka tsallake wanki ɗaya.

Ya bi sabon ɗan layi-layi, tas yake. Sauran 'ya'yan duk suna karɓar Painem, wannan kaɗai ke tofar da ita. Shayinsa ya huce, azahar ta kawo kai. Wuri ɗaya ya rage.

"Gafara dai, Pak," ya ce a hankali, ya buɗe uwar.

Can tsakiya ya tarar da wasu layuka uku. Ashe rumbun ajiyar sunaye na ƙasar waje ne, dole sai suna biyu, shi ne marigayin ya sa uwar ta riƙa maimaita wa mai suna ɗaya sunansa. A sama ya rubuta: "Don masu suna ɗaya. Mahaifiyata ba ta rasa komai ba."

Shi kuwa Darmaji ya rubuta wa sabon ɗan tasa hanyar tantance suna daban, bai sa ya fara bi ta wurin uwar ba. Ya duba tarihin buƙatu: mutum arba'in da ɗaya aka kora tun Litinin. Ɗaya ce ta yi magana. Sauran sun ɗauka laifinsu ne, sun yi shiru.

Layi ɗaya ya ƙara, ya kira Wening.

"Gwada, Mbak."

"Ta shiga! Painem Painem, gado na uku, ƙarfe bakwai."

"Kada ki ajiye. Ɗauko biro, akwai sauran mutum arba'in."

Sai da aka samu na ƙarshensu a waya, sannan ya jawo kujerar marigayin, ya kaɗe ƙurar, ya zauna, ya fara karanta uwar daga layin farko.