Ƙasar Daɓen Makarantar Malam Haruna

Ni ɗan kabu-kabu ne kafin in zama abin da na zama. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya da ke karatu, ba na so a riƙa nuna ta da baki. Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Bukkuyum, kan hanyar da ke ɓullewa Anka. Babur ɗaya gare ni, da mata ɗaya, Rabi, da 'ya ɗaya, Hauwa'u. Ban taɓa fasa gidan kowa ba, ban taɓa sa hannu a aljihun mutum ba. Abin da nake da shi baki ne. In baƙo ya hau bayana daga Gummi, kafin mu iso na san abin da ya kawo shi, na kuma san inda zan ɗan lasa.

A kan babur ɗin nan na haɗu da Malam Haruna. Dattijo ne ɗan Kumasi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a Ghana har ya yi ritaya. Kakansa bafataken goro ne daga yankinmu, ya tafi Gwanja bai dawo ba. Malam ya sayar da gidansa na can, ya haɗa da kuɗin sallamarsa, ya ce zai buɗe makarantar kuɗi mai rahusa a ƙasar kakansa, boko da Arabiyya a haɗe. Hausarsa ta zangon Ghana ce, yara na binsa suna kwaikwayo, shi kuma sai ya tsaya ya taya su dariya.

A wurinmu baƙo ba ya samun fili sai ɗan gari ya tsaya masa a gaban maigari da shaidu. Takardun makaranta ma suna son sunan ɗan ƙasa. Ni na tsaya masa. Ranar da aka shafa fatiha a kan filin, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ni baƙo ne. Daga yau kai ne idona." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya faɗo hannu na gari. Har raina na ji daɗin maganar nan, kuma a ranar ba ni da niyyar cutarsa.

Da ƙusa na fara. Ya aike ni Gummi sayen ƙusa da katako, na ɗora kaɗan a kai, na ce wa kaina kuɗin mai ne. Bai tambaya ba. Da aka zo kwanon rufi na ɗora fiye da haka, da aka zo siminti sai na riƙa sauke wasu buhuna a shagon wani abokina kafin mota ta ƙaraso gari. Kullum na dawo sai ya yi mini godiya, ya sa a kawo mini shayi. Tun ina jin nauyin shan shayin har na daina ji. Aji uku suka tashi, aka yi rufi, aka sa ƙofofi, sai siminti ya ƙare ba a yi ƙasan ɗaki ko ɗaya ba. Malam ya yi ta mamakin tsadar kaya a Najeriya, ni kuma na taya shi mamaki.

Magini ya ba da shawarar a yi daɓe irin na gidajenmu, a zuba ƙasa mai kyau a buge ta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ya riƙe shekara guda kafin a samu halin siminti. Malam ya yarda, amma ya kira ni gefe.

Sai na ɗan koma baya, saboda ku da kuka taso daga baya. Shekarun da zinare ya fito a ƙasar Anka da Bukkuyum, mutane sun riƙa kawo dutsen cikin gida, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, mata na daka shi a turmi. Ashe akwai gubar dalma a cikinsa. Ƙananan yara, masu rarrafe da masu wasa da ƙasa, su suka fi shan wahala. Ni da kaina na sha ɗaukar uwa a babur, ta rungume ɗanta yana jijjiga a tsakaninmu, ina jin ƙafarsa na bugun bayana har asibiti. Daga baya likitoci suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A bayan gari, inda ake wanke niƙaƙƙen dutse a da, akwai wani tsibin ƙasa mai laushi da aka gargaɗe mu kada kowa ya taɓa. Saboda haka ba zan ce ban sani ba.

Malam ma ya ji labarin tun kafin ya zo. Ya ce mini yaransa a ƙasa za su zauna, don ba shi da benci tukuna, saboda haka kada in ɗebo ko cokali guda a kewayen gari. Ya ba ni kuɗin tifofin da za su isa, ya ce in je can hanyar Gummi in kawo jar ƙasa. Ya sa na rantse, na kuwa rantse.

Tifa ɗaya na kawo, na sa aka juye ta a bakin makaranta inda kowa zai gani. Ranar da Malam ya tafi Gusau neman takarda, na samo mai amalanke daga wani ƙauye, wanda bai san tarihin tsibin ba, ya yi ta jigila daga bayan gari. Muka cuɗa da jar ƙasar har launin ya ɓace. Na ce wa kaina ruwan sama na damina biyu ya wanke ta, kuma makuba za ta rufe komai. Magini ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce bai taɓa ganin mai laushinta ba, kamar an tankaɗe.

Matan gari suka ce daɓen gudummawarsu ce. Suka fito da madaɓai, suna bugu suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, Malam na tsaye a bakin ƙofa yana share hawaye. Rabi ta ɗaura zane za ta je, na ce ta zauna, ai ba ta da lafiyar baya. Ta dube ni, don ba ta taɓa cewa bayanta na ciwo ba, amma ta zauna.

Ranar buɗe makaranta Malam ya buɗe rajista a gaban iyaye, ya ce suna na farko na Hauwa'u ne, kuma ba zan biya ko kwabo ba har ta gama. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Shekarunta biyar a lokacin. Na ce tana fama da tari, sai ta warke. Da ta warke daga tarin da ba ta yi ba, na ce Inna, mahaifiyata, na son ta je ta taya ta zama a ƙauye. Bayan wannan na ce ta yi ƙanƙanta, a bari sai baɗi. Duk safiya Malam na kiran suna, yana farawa da nata, yara su amsa baki ɗaya cewa ba ta zo ba. Daga inda nake ajiye babur ina jin su.

Maƙwabcina Sani mai shayi yana da 'ya, Balkisu, sa'ar Hauwa'u kuma ƙawarta. Yarinya ce mai surutu, in ta dawo makaranta sai ta shigo gidanmu ta koya wa Hauwa'u duk abin da aka yi, har da yadda Malam ke gyara tabarau. Sau da yawa ni nake ɗaukarta a babur in sauke ta a ƙofar aji, kyauta, ina ganin kamar wani alheri nake yi. Na san ana share ɗakin kullum, na san daɓen ya fara farfashewa yana ƙura, na san a nan suke zama su ci ƙosai da hannu. Sau biyu na tsaya a ƙofar Malam da niyyar in faɗa masa. Duka biyun muka gaisa, na tambaye shi ya gajiya, na wuce.

Kafin shekara ta zagayo, 'yan ƙaramin aji suka fara ciwon ciki da amai. Aka ce shawara ce, aka ce zazzaɓin damina ne. Ran nan da hantsi Balkisu ta faɗi a cikin aji tana jijjiga. Ni aka kira. Uwarta ta rungume ta a bayana, na sake jin ƙafar yaro na bugun bayana, irin bugun da na sani. A makon nan ɗan autan limaminmu, wanda ke ajinsu, ya rasu.

Ma'aikatan lafiya suka zo da wata na'ura da ake ɗora wa ƙasa. Suka gwada gidaje ba su ga komai ba, suka shiga makaranta, suka fito suka sa kwaɗo a ƙofa. Gari ya ɗauka. Aka ce baƙo ya zo ya kashe mana 'ya'ya don neman kuɗi, wa ya san ma abin da ya koro shi daga ƙasarsu. Aka jefi ɗakinsa, 'yan sanda suka tafi da shi Bukkuyum don kada a kashe shi. Da suka tambaye shi wa ya kawo ƙasa, ya ce ɗan'uwansa ne, kuma ɗan'uwansa ya rantse daga hanyar Gummi ta fito, shi bai yarda zai yi masa ƙarya ba. Ni ma da aka tambaye ni na sake rantsewa, na kawo direban tifa ya yi shaida. Kwana shida ina yawo a gari ana yi mini jaje, wai baƙo ya ɓata mini suna.

Rana ta bakwai da safe, Rabi ta yi wa Hauwa'u wanka, ta sa mata kayan makarantar da Malam ya ɗinka mata, waɗanda ba ta taɓa sawa ba. Ta kama hannunta suka fita. Na bi su ina tambayar ina za su, har muka kai bakin makaranta, inda mutane ke zaune a gindin bishiyar bedi. Tagar ƙaramin aji ba ta da ƙarfe. Ta ɗaga yarinyar za ta zura ta ciki.

Ta ce, "Maigida, ka hana ni zuwa daɓe, ka hana ɗiyarka karatu shekara guda. Ka rantse ƙasag ga mai kyau ta. To, yau Hauwa'u za ta zamna bisanta, ta ci abincinta nan."

Ban san lokacin da na fizge yarinyar ba. Na rungume ta ina cewa kada ƙafarta ta taɓa wurin nan. Da na ɗago, duk wanda ke gindin bedin yana kallona, har da Sani mai shayi. A nan tsaye, da 'yata a hannu, na faɗi komai, tun daga ƙusa.

Kotu ta ɗaure ni shekara huɗu. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba, wahalarsa ba ta kai ta abin da na shiga da shi a kaina ba. A can ma a ƙasa muke zama mu ci abinci, kuma duk lokacin da na kai loma baki sai in tuna. In an zo ƙidaya da safe ana kiran suna, ni muryar yara nake ji suna cewa ba ta zo ba.

Sau ɗaya Malam ya zo ganina, da jakarsa a hannu, zai koma Kumasi wurin ƙanensa, don ba shi da gida kuma. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, abin da ka ci nawa na yafe, duniya da lahira. Na yaran nan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi." Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne, shekara guda yana kiran sunan Hauwa'u, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalili ba. Ban sake jin labarinsa ba.

Na fito na tarar an rushe ajujuwan, an kwashe ƙasar an binne. Rabi na nan, ta riƙe gida da sana'ar ƙuli-ƙuli, kuma ban taɓa jin haushin abin da ta yi ba. Na je wurin liman, ya ce ya bar ni da Allah. Na je wurin Sani, bai kore ni ba, ya ci gaba da haɗa shayinsa. Balkisu ta rayu. Ta yi tsawo kamar Hauwa'u, amma maganarta ba ta fita sosai, kuma ba ta riƙe abin da aka koya mata. Tana zama a gefen teburin babanta tana wanke kofuna. Duk wanda ya wuce sai ta yi masa murmushi, ni ma haka take yi mini, don ba ta san ko ni wane ne ba. Hanyar gonar da nake ƙwadago yanzu ta nan ta bi, kuma na hana kaina canza hanya.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum, amma tuba ba ta mayar wa yarinyar nan bakinta ba. Ku matasa, musamman masu tsaya wa baƙo a kan fili ko gini ko wata sana'a, ku ji tsoron ɗan abin da kuke ɗorawa kuna cewa kuɗin mai ne. Ni daga nan na fara, kuma kowane mataki sai da na samo masa hujja mai daɗin ji. In kuna son ku gane ko hujjarku gaskiya ce, ku yi abin da Rabi ta yi mini tun kafin wani ya yi muku. Duk abin da aka ba ku amana, ƙasa ce ko abinci ko magani, ku tambayi kanku ko za ku yarda ɗanku ya zauna a kai, ya ci da hannunsa. In kun ji gabanku ya faɗi, ku je ku faɗa a ranar. Ni na ji nawa ya faɗi tun ranar daɓe, na ɓoye tawa 'yar a gida, na ɗauki ta maƙwabcina a babur na kai ta har ƙofar aji.