Ai A ke gaba!

"Malam, ɗiyata ce ta ɗaya a ajinsu, don mi kunka tura ta C? Ai A ke gaba!"

Haka wani dattijo daga Dumega ya tare ni jiya a ƙofar lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa, ɗiyar tasa na biye da shi, wai dole a mayar da Hadizarsa seri A, wato sashen A.

Na ce, "Baba, harafin ba daraja ba ce, hanya ce. A ta adabi ce, C ta kimiyya. Hadiza, me kike son zama?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Likitar dabbobi."

Sai tsohon ya fashe da dariya. "Ashe tumakina na zo cuta! Bar ta a C ɗinta."

Iyaye, kun taɓa tambayar yaranku kafin ku zaɓa musu?