Tumakin Ocke Feddersen

Shekara ashirin da shida ke nan ina rubuta hawa da saukar ruwan teku a tsibirinmu, saboda haka ranakun da zan ambata ba zato na yi ba.

Gidajenmu a kan tudu suke, tumaki kuma a fadama suke kiwo. Idan babbar cikar ruwa ta haɗu da iskar yamma, teku kan shanye fadamar kaf. Al'adarmu, duk wanda ya fara ganin ruwa ya haura bakin rafi, sai ya buga wa maƙwabcinsa ƙofa kafin ya koro nasa garken.

Keike Brodersen, mijinta ya rasu ya bar mata tumaki arba'in da uku. Ranar tara ga Nuwamba maƙwabcinta Ocke Feddersen ya ga ruwa, ya wuce ƙofarta, don sun yi cacar baki kan shinge. Tana ciki tana gasa burodi. Tumakinta shida suka tsira.

"Ai na ɗauka kin gani," in ji shi washegari.

Shekara goma sha ɗaya tana gaishe shi a coci, tana tara wani garken.

Bayan shekarun nan, ranar uku ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, Keike ce ta fara ganin ruwa. Lokacin Ocke ya kurmance, yana barcin bayan abinci. Ta buga kowace ƙofa ban da tasa. Da ta koro tumakinta, nasa suka biyo su. Sai ta tsaya a bakin shingen tudu tana duba kunnuwa: mai tsaga ɗaya ta shigar, mai tsaga biyu, shaidar Ocke, ta tunkuɗa baya. Ta ɗaure ƙyauren.

Sanda Ocke ya fito da safa a ƙafa, ruwa ya riga ya fara jan tumakinsa.

"Keike! Me kika yi?"

"Au, maƙwabci, ka tashi? Koma ka ƙarasa barcinka, su ma yanzu za su kwanta."

"Dabbobi ne fa! Me suka yi miki?"

"Nawa me suka yi maka, tsohon kurma?"

Ya shiga ruwa har ƙirji. Cikin sittin da ɗaya, huɗu ya fitar. Kafin bazara ya rufe gidansa, ya bar tsibirin, ya koma wurin 'yarsa a gaɓa.

Tun daga nan babu wanda ke kiran Keike shan shayi. Na taɓa tambayarta ko abin yana damunta. Ta ce eh, huɗun nan da ya ceto suna damunta ƙwarai.