Littafin Yaya Habu Da Na Ƙona Da Hannuna

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma har yau idan na buga sunan shafinsa na intanet a waya sai raina ya ɓaci. Tallar caca ce ke fitowa, da ta maganin ƙarfin maza, ga sunansa a sama ɓaro-ɓaro.

Tun ana ganin intanet abin 'yan birni ne ya koya wa kansa gina shafi a Gumel. Wuta ba ta da tabbas, don haka a littafi yake fara rubuta umarnin kwamfuta layi-layi, in an kawo wuta ya kwafe. Samari na musun wane harshen kwamfuta ya fi, shi ko yakan ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Burinsa dai shafi ya buɗu a ƙaramar wayar manomin Gagarawa. Ranar kasuwar Maigatari yakan zauna da dattawa, ya dawo ya wallafa tarihin rijiyoyi da irin geron da ya ɓace.

Kowace takarda ta littafin nan da Bisimilla yake buɗe ta. Bayan addu'ar bakwai, kawunmu ya ce a tattara duk abin da ke ɗauke da sunan Allah a ƙona, kada a taka. Ni na ƙyasta ashanar. Ban san lambobin sirrin shafin suna cikin littafin ba. Wa'adin rajistar sunan shafin ya ƙare, ba mai iya shiga ya sabunta, wasu suka saye shi.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Masu wasu shafuka da ba su taɓa tambayar dattijo ɗaya ba, sai kwashe gumin Habu suna liƙawa a nasu, su goge sunansa, su ɗora kanun ƙarya don a latsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙyamarsu nake ji, ba na ɓoyewa.

Bara 'yarsa Safiya, wadda ya bari tana shekara shida, ta nemi sunansa a waya. Ta zo ta same ni idonta ya kaɗa.

"Baffa, Abba ɗan caca ne?"

Na rasa abin nuna mata, sai shafukan ɓarayin. A can muka ga rubutunsa kan rijiyar Ɗanzomo. Lalaci ya hana su karantawa har ƙarshe, balle su goge layin da yake rufe kowane rubutu da shi: wanda ya amfana ya yi wa mahaifiyata Dije addu'a.

Safiya ta karanta sau biyu, ta ɗaga hannu ta yi wa kakarta addu'a, ta haɗa da mahaifinta. Abin da ya rage na Yaya Habu ke nan: ni ɗan'uwansa na ƙona, ɓarayi suka adana.